Canza sifikun Corolla: sai an ja sabuwar waya, ko ta kamfani ta isa?

Baban Ilham:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Motata Corolla ce ta 2006, 'yar Amurka, na saye ta Kwatano. Sifikun ƙofofin gaba sun gaji. Ta ɓangaren direba in na ɗan ƙara murya sai ta riƙa karkarwa, ta ɗaya ɓangaren kuma wani lokaci ta yi magana wani lokaci ta yi shiru. Na kai wa wani mai wayarin, ya ce sai dai a cire duk wayoyin kamfani a ja sababbi masu kauri tun daga rediyo har ƙofa, a kuma fasa mazaunin sifikar a sa katako. Kuɗin aikin da ya faɗa ya kusa kamo kuɗin sifikun. Ni ba mai kiɗan biki ba ne, abin da nake ji a mota karatun Alƙur'ani ne da labarai, sai waƙa jefi-jefi in muna tafiya da iyali. Rediyon ma na kamfani ne, ban canza ba. Don Allah masana, dole ne a taɓa wayoyin nan?

Injiniya Samaru:
Wa alaikumus salam Baban Ilham. A takaice, ba dole ba ne. Kada ka bari a yanke maka ko waya ɗaya tukuna.

Ga dalili. Rediyon mota irin naka, wanda babu amfilifaya a bayansa, ƙarfin da yake iya turawa kowace sifika ba tare da murya ta dagule ba bai wuce wat 15 zuwa 20 ba. Wannan 50 sau 4 da ake rubutawa a kwalin rediyoyin kasuwa ƙololuwa ce ta ƙiftawar ido, ba ƙarfin aiki ba. Dalili kuwa shi ne wutar mota ba ta wuce bolt 14 da ɗoriya in inji na aiki, kuma sifikar om 4 ce, to iyakar abin da lissafi zai bayar ke nan. Wat 18 a kan om 4, wutar da ke bi ta wayar amfiya 2 ce da 'yan kai. Wayar da kamfani ke sawa jan ƙarfe ce zalla, yawanci lamba 18 ko 20. Lamba 18 tana da turjiyar kusan om 0.021 a kowace mita. Ko mu ƙaddara zuwa da dawowa mita 8 ne, wanda ya wuce tsawon na ƙofar gaba, turjiyar duka om 0.17 ce. Asarar da wannan ke jawowa ba ta kai rabin desibel ba. Babu kunnen da zai ji wannan a cikin mota tana tafiya a titi.

Saboda haka kuɗin jan waya ka ƙara a kan na sifika.

Oga Rewaya:
Injiniya, lissafinka daidai ne a takarda, amma mu da muke buɗe ƙofofin nan kullum abin da muke gani daban ne. Motar 2006 ta daɗe a rana. Akwai robar nan mai lanƙwasa tsakanin ƙofa da jikin mota, inda wayoyi suke ratsawa. Duk buɗe ƙofa da rufewa a nan wayar take lanƙwasa. Shekara da shekaru sai gashin wayar ya karye a ciki, fatarta kuwa lafiya lau a waje. Ka lura da abin da Alhaji ya ce: ɗaya tana yi tana ɗaukewa. Wannan ba lallai laifin sifika ba ne. In ya sayi sabuwa ya ɗora a kan karyayyiyar waya, gobe zai dawo ya ce an sayar masa da jabu.

Injiniya Samaru:
Oga, wannan magana ce ta gaskiya, kuma ban musa ba. Amma maganin waya da ta karye a wuri ɗaya shi ne a gyara wurin, ba a tumɓuke duka ba. Ka zame robar, ka nemo inda ta karye, ka yanke ɗan guntun, ka haɗa sabon guntu da dalma, ka rufe da robar nan mai tsukewa in ta ji zafi. A yi haɗin a cikin ƙofa da cikin mota, kada ya faɗo daidai wurin lanƙwasa.

Kuma akwai abin da ya fi damuna. Jar wayar nan da baƙa, ko mai fata garai-garai, da ake sayarwa a matsayin wayar sifika, da yawanta alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Ka kankare ta da wuƙa za ka ga fari a ciki. Alminiyam ya fi jan ƙarfe turjiya da kusan kashi 60 cikin ɗari, ya fi saurin karyewa a wurin lanƙwasa, kuma in danshi ya shige shi sai ya zama gari. Mutum ya cire wayar kamfani mai kyau ya sa wannan, ya biya kuɗi ya koma baya.

Oga Rewaya:
A kan wannan wayar kam ba ni da ja. Ni ma ba na sa wa kwastomana ita. In zan ja waya, tsohuwar wayarin mota nake nema a Ƙofar Ruwa in zare daga ciki, don na san jan ƙarfe ce.

Alhaji, ga gwajin da za ka yi da kanka yanzu: kunna rediyo, ka buɗe ƙofar mai ɗaukewa, ka riƙa motsa ta a hankali, ka kuma matsa robar nan da yatsa. In murya tana zuwa tana tafiya tare da motsin, to waya ce. In ba ruwanta da motsi, sifikar ce ta mutu.

Baban Ilham:
Allah ya saka da alheri. Na gwada yanzun nan, na matsa robar na girgiza ƙofar, babu abin da ya canza. Amma da na ɗan bugi murfin ƙofar daidai sifikar sai ta yi magana.

Mai Rediyo Fanteka:
To Alhaji wayarka lafiya take. Siririyar wayar nan ce mai saƙa da ke tashi daga soket ɗin sifikar zuwa takardarta ta tsinke, ko kwayil ya fara barin wurinsa. Ta gama yayinta.

Bari in yi magana a kan mazaunin, don a nan ne aka fi ɓata wa mutane mota, ba a waya ba. Sifikar gaba ta Corolla daga 2003 zuwa 2008 inci 6 da rabi ce, amma ba da sukuru aka ɗaure ta ba, ribit uku ne. Kuma ita da baƙar robar da take zaune a kai abu ɗaya ne, tare aka zuba su. Robar nan ba ado ba ce. Ita ce take turo sifikar waje don maganaɗisunta kada ya taɓa gilashi in an sauke shi, ita ce take kawo bakin sifikar daidai ragar murfin ƙofa, kuma tana da ɗan rufi a sama da ke kare ta daga ruwan da ke gangarowa ta jikin gilashi. Soket ɗin ma a jikinta yake.

Yadda nake yi: in huda kan ribit ɗin in cire ta gaba ɗaya. In sa reza in yanke tsohuwar takardar, in karya ƙafafun robar da ke riƙe maganaɗisu da filaya, in goge bakin ya yi sumul. Abin da zai rage a hannuna zobe ne mai kunnuwa uku da soket ɗinsa. Sabuwar sifikar sai ta zauna a cikin zoben, in huda ƙananan ramuka in ɗaure da sukuru huɗu. Daga bayan soket ɗin akwai ƙarafa biyu, sai in liƙa gajerun wayoyi biyu da dalma zuwa sabuwar sifikar. Shi ke nan. Filogin motar zai shiga wurinsa ya ce ƙas kamar yadda ya fito daga kamfani, ba a yanke komai a jikin mota ba. Wajen mayarwa ko ka buga sabon ribit, ko ka sa ƙaramin bolt da noti da washa.

Katakon nan na garin itace da ake matsewa, wanda wancan mai wayarin yake so ya sa maka, damina ɗaya zai sha ruwa ya kumbura, sukuru ya saki. Cikin ƙofa ba busasshen wuri ba ne.

Ɗan Maraɗi:
Malam Mai Rediyo, sannu da ƙoƙari. Wanda ba ya son ya lalata ta asalin fa? Ni tawa 'yar Turai ce, na fi so in ajiye tsofaffin.

Mai Rediyo Fanteka:
Akwai zoben roba da ake yi musamman don Toyota, da ɗan guntun waya mai filogi a kai ɗaya. Guntun wayar na kamfanin Metra lambarsa 72-8104, kuma akwai ire-irensa na Sin da yawa a intanet. In ka samu, ya fi sauƙi. Amma ka buɗe ƙofarka ka gani da idonka kafin ka yi oda, don 'yar Turai da 'yar Amurka ba komai nasu ne ya zo ɗaya ba.

Direban Zariya Road:
Ni dai shawarata Alhaji ya sayi mai wat 600 ko sama, ya huta. Ƙaramin wat ba ya daɗewa.

Injiniya Samaru:
Ɗan'uwa, a nan ne ake cin kuɗin mutane. Lambar wat da ke jikin sifika ba ƙarfin da take bayarwa ba ne, ƙarfin da za ta iya jurewa ne, kuma babbar lambar da ake bugawa da ja a kwali ta talla ce. Ka nemi wadda aka rubuta RMS a gefenta, ita ce ƙarfin da take jurewa na tsawon lokaci. Sifikar da aka ƙera don babban amfilifaya takardarta da kwayil ɗinta sun fi nauyi, sau da yawa sai an tura mata wuta sosai take motsawa. Ka ɗora ta a rediyon wat 18 sai ka ji tsohuwar ta kamfani ta fi ta ƙara, don ta kamfanin takarda ce marar nauyi da aka yi daidai ƙarfin rediyon.

Lambar da Baban Ilham zai duba ita ce ta desibel, wadda ke nuna yawan ƙarar da sifika ke bayarwa da wat ɗaya. Ya nemi 90 ko sama. Bambancin desibel 3 daidai yake da ninka ƙarfin rediyo sau biyu. Wato mai 91 a kan wat 18 za ta yi ƙarar da mai 88 sai ta samu wat 36 za ta yi. Sannan om 4, kamar ta asali. Sannan zurfinta: a sauke gilashi har ƙasa, a sa ruler a ramin a auna daga bakin zoben zuwa gilashin, a bar 'yar tazara.

Don yanayinmu kuma, a duba gefen takardar. In soso ne, zafi da ƙurar hunturu za su cinye shi. A nemi mai gefen roba, takardar kuma ta leda mai tauri wadda ruwa ba ya jiƙa ta.

Maman Sadik:
Sallama gare ku. Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Camry ce 2009, akwai JBL rubuce a jikin rediyon. Maigidana ya sa an canza mini na ƙofofin gaba da sababbi masu tsada, amma wallahi muryar ta ragu, sai na kai ƙarshen maɓalli nake ji sosai. An cuce mu ne?

Mai Rediyo Fanteka:
Hajiya, mai yiwuwa ba jabu aka ba ku ba, rashin dacewa ne. Mota mai JBL tana da amfilifaya nata daban a ɓoye, kuma sifikunta da yawa om 2 ne ko kusa da haka. In aka cire mai om 2 aka sa mai om 4, amfilifayan rabin ƙarfinsa kawai zai iya turawa. Ƙari a kan haka, shi amfilifayan ya riga ya raba murya: ƙofa yake aika wa kauri, siririyar murya kuma ya aika sama wajen gilashin gaba. To ko sabuwar tana da tuwita, wato ƙaramar sifikar siririyar murya, a tsakiyarta, babu abin da ke isa gare ta balle ta yi aiki. In tsofaffin suna nan, a sa mita a auna su. Mai om 4 takan nuna 3 da ɗoriya, mai om 2 takan nuna ƙasa da 2. Abin da aka gani shi za a nema a kasuwa. Wayoyinki dai kada a taɓa su.

Oga Rewaya:
In ƙara wa masu Camry ɗin da ba JBL ba: ƙananan sifikun da ke kan dashbod filoginsu waya huɗu ne, biyu shiga biyu fita. Ta nan layin yake bi ya sauka ƙofa. Yaro ya cire na dashbod ya bar filogin a rataye, ƙofa ta yi tsit, sai a ce rediyo ya ƙone. An kawo mini irin wannan ba sau ɗaya ba. In za ka sa sabuwar tuwita a wurin, ka haɗe shiga da fita, kuma kada ka manta da kapasita mai tace kaurin murya a layin fositif ɗinta. Ba kapasita, kaurin murya zai ƙone ta nan take.

Injiniya Samaru:
Haka ne. Kapasita mai maikirofarad 4.7 a kan tuwita om 4 yana fara tace duk abin da ke ƙasa da wajen 8,500 a ma'aunin Hz. A sayi marar fositif da negetif.

Tunda Oga ya kawo zancen ƙonewar rediyo, ga abin da ke ƙona shi da gaske. A rediyon zamani duk wayoyin sifika biyun suna ɗauke da wuta, babu wadda take at, wato mai haɗe da ƙarfen jikin mota. Masu tsohon hannu sun saba ɗaure negetif a jikin mota kamar na fitila. Ka yi haka a nan, ko ƙarfen bayan sifika ya taɓa ƙarfen ƙofa, IC ɗin rediyo ya tafi. A cire kan batir na negetif kafin a fara aiki, kuma duk filogi ko waya mai ruwan ɗorawa da aka nannaɗe daban, ta jakar iska ce, ba a sa mata mita ba a sa mata batir.

Baban Ilham:
Jama'a na dawo da rahoto. Na samu masu om 4, desibel 90, na kai wa wani yaro a unguwarmu na nuna masa bayanin Malam Mai Rediyo, ya yi zoben kamar yadda aka ce, gilashi na sauka lafiya. Muryar mai karatu ta fito tas, har numfashinsa ina ji. Amma kauri babu. Abin mamaki, in na karkatar da murya gefe ɗaya kaurin yana dawowa, in na mayar tsakiya sai ya ɓace.

Mai Rediyo Fanteka:
Alhaji ka riga ka gano ciwon da kanka. An juya wayar ɗaya. Yayin da ta hagu ke turo iska, ta dama tana janyewa, sai su kashe wa juna kauri. A buɗe, a cire filogi, a ɗauki ƙaramin batirin rimot mai bolt 1.5 a taɓa a ƙarafan soket ɗin na ɗan lokaci. In takardar ta yunƙuro waje, ƙarfen da kan batirin ya taɓa shi ne fositif. A yi wa duka biyun, a ga ko sun dace da wayar motar. Kada a yi wa tuwita ita kaɗai wannan gwajin.

Oga Rewaya:
Launin Toyota a bayan rediyo, in ba a taɓa yi wa motar aiki ba: gaba hagu, ruwan hoda fositif, shuɗi mai ja-ja irin na makuba negetif. Gaba dama, kore mai haske fositif, shuɗi negetif. Baya hagu, baƙi da ruwan ɗorawa. Baya dama, ja da fari. Na farko a kowanne shi ne fositif. Ka ga amfanin barin wayar kamfani ke nan, Injiniya, na ba ka wannan. Da an ja ja da baƙi ko'ina, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya.

Mai Rediyo Fanteka:
Tunda za a sake buɗe ƙofar, a gama aikin gaba ɗaya. Ƙofar ita ce akwatin sifikar. Iskar da ke bayan takarda ba a so ta zagayo ta haɗu da ta gaba, in ta zagayo sai ta zama kamar kalangun da fatarsa ta huje, ana bugu ba ya amsawa. A sa siririn soso mai gam tsakanin sifika da zobe, da tsakanin zobe da ƙarfen ƙofa. A kewaya bakin sifikar da wani soson mai kauri yadda zai taɓa murfin ƙofa, don murya ta fita ta raga kada ta ɓace a bayan murfi. Ledar nan da kamfani ya manna a jikin ƙofa, wadda yara ke yagewa su yar, a mayar da ita, ita ke hana ruwa da ƙura shiga. Ramukan da ke ƙasan ƙofa kuma na fitar ruwa ne, a zura tsinke a buɗe su, kada a toshe.

Direban Zariya Road:
Ni na ga ana manna abin nan mai kwalta na facin kwanon rufi a cikin ƙofa, ana cewa yana kashe karkarwa. Kuma da araha.

Oga Rewaya:
Yana kashewa, zuwa watan Afrilu. Motar da ta wuni a rana a Kano lokacin bazara, ƙarfen ƙofarta ba ya taɓuwa da hannu. Kwaltar sai ta narke ta zamo ƙasa, ta kama gilashi da injin ɗaga shi, ga wari a cikin mota in an rufe. Na kankare irin wannan da fetur a motar wani bawan Allah, wuni guda muka yi. In za a sa, a nemi na butil wanda aka yi don mota, kuma ba sai an shafe ƙofa duka ba. Faci biyu ko uku a tsakiyar faffaɗan ƙarfen, ɗaya daidai bayan sifikar, ya isa. Ka ƙwanƙwasa da yatsa, inda ya yi ƙara kamar gwangwani nan ne wurin.

Ɗan Maraɗi:
To yaushe ne ya zama dole a ja sabuwar waya? Don ni ina da niyyar amfilifaya nan gaba.

Injiniya Samaru:
Ko da amfilifaya, in wat 50 zuwa 75 ne a kowace sifika, wayar ƙofa ta kamfani tana ɗauka. Wat 50 a om 4 amfiya 3 da rabi ne kawai. Sai ka kawo layukan amfilifayan zuwa bayan rediyo ka haɗa da filogin motar a can, ba ka ratsa robar ƙofa ba. In ka haura wat 100, ko za ka sa wufa, babbar sifikar kauri, a but, nan kam a ja mai kauri. Wadda ba a wasa da ita ita ce wayar wuta daga batir zuwa amfilifaya: sabuwa, mai kauri, jan ƙarfe, da fiyus kusa da batir, kada ya wuce santimita 45 daga kansa. Kada a saci wuta daga wayar rediyo ko ta abin kunna sigari. Gobarar mota daga irin wannan take tashi.

Baban Ilham:
An buɗe, ta dama ce aka juya. An gyara, an sa soson, an mayar da ledar. Kauri ya dawo, karkarwa ta tafi. Allah ya biya ku duka. Saura na baya, masu siffar ƙwai da ke bayan kujera. Su ma in canza?

Mai Rediyo Fanteka:
Inci 6 da 9 ne waɗannan, but ɗin motar shi ne akwatinsu. Buɗe but ka leƙa daga ƙasa da tocila. Rana ta gilashin baya take dukansu kai tsaye, don haka gefensu ne ke fara zubewa. In gefen bai yage ba, ka bar su, ka ɗan karkatar da murya gaba. In ya yage, turo mana hoto tukuna mu ga irin ɗaurin da aka yi musu kafin ka je kasuwa.